Da gaske ne ma'aikatan jirgin sama na gane ƙasar fasinja daga halinsa?

Autar Mama:

Assalamu alaikum, yayyena da iyayena. Wata mai kamawa zan fara horon aikin kula da fasinjoji a jirgin sama, kuma ana ta faɗa mini wai ma'aikata da zarar sun ga inda jirgi zai nufa sun san irin daren da za su kwana, domin kowace ƙasa da halin mutanenta. Gaskiya ne, ko hirar kicin ce kawai? In gaskiya ne, me ya bambanta, kuma me ake tanada tun daga ƙasa saboda shi? Bayanin da zan yi aiki da shi nake nema, ba aibata wata al'umma ba.

Hajiyar Sama:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Gaskiya ne, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Sai dai abin da ma'aikata ke fara dubawa shi ne hanyar da ranar da lokacin, fasfo daga baya yake zuwa. Baturen Ingila mai zuwa Frankfurt da asubahin Talata riƙe da jakar kwamfuta, da ɗan'uwansa mai zuwa Ibiza, tsibirin hutu na Sifaniya, daren Juma'a cikin ayarin abokan ango, fasfonsu iri ɗaya ne, amma aikin da za su ba ki ko kusa bai yi kama ba. A zaman da ake yi kafin tashi, shugabar ma'aikata takan karanto adadin fasinjoji, jarirai, masu buƙatar keken guragu, yaran da ba su da ɗan rakiya, da abinci na musamman. Daga waɗannan alƙaluma kaɗai gogaggiyar ma'aikaciya ta san inda aiki zai yi nauyi.

Fara da ruwa, don a nan sabuwa ke fara shan mamaki. A hanyar Sin, ruwan zafi ake nema daga tashi har sauka, kuma da yawa da filas ɗinsu suke shigowa. Tukunyar kicin tana ɗaukar lokaci kafin ta sake tafasa, saboda haka a cika butoci kafin a fito da kurar rabon abinci. Kada ki taɓa cika filas a saman cinyar fasinja. Ki karɓa, ki je kicin, ki rufe da kanki, ki dawo da shi. Kofin shayi kuwa kada ya wuce kashi biyu cikin uku, kuma a kan ƙaramin tire ake zubawa a tsakiyar hanya, sannan a miƙa. Ƙuna tana cikin raunukan da aka fi samu a jirgi, shi ya sa a watan Agustan 2024 kamfanin Korean Air ya daina raba taliyar da ake zuba wa ruwan zafi a kofi a ajin gama-gari na dogayen hanyoyi, duk da son da 'yan Koriya ke yi mata, saboda yawan gargada a sama. Ba'amurke kuma kofi cike da ƙanƙara yake so, sau da yawa har da gwangwanin gaba ɗaya. Ki yi wa dattijon Indiya haka, zai dawo miki da kofin.

Hanyar Indiya ita ce makarantar abinci. Akwai lambobin da dole ki haddace: AVML na masu cin ganye irin girkin Indiya, HNML na mabiya Hindu wanda babu naman sa a ciki, VJML na mabiya addinin Jain, MOML na Musulmi, KSML na Yahudawa wanda a rufe yake zuwa kuma mai shi ne ke yaye murfin, ba ke ba. Na Jain ya fi tsauri: ban da nama da ƙwai, babu albasa, babu tafarnuwa, babu dankali, babu duk abin da aka tono daga ƙasa. Ana yin odarsu awa 24 zuwa 48 kafin tashi. Inda ake samun matsala guda biyu ne. Na farko, lambar kujera ce a manne jikin tiren, su kuma iyalai da zarar sun shigo sai musayar kujeru, to in ba ki tambayi suna ba kafin ki ajiye, kin ba wani abincin wani, kuma babu na biyu a sama. Na biyu, masu cin ganye da yawa ba sa yin oda, sun ɗauka ai dole akwai. In aka fara rabo daga gaba kaɗai, kafin a kai tsakiya na ganyen ya ƙare. Maganinsa a fara daga gaba da baya lokaci guda, a riƙa magana tsakanin kura da kura, a kuma ɓoye 'yan kaɗan a kicin. Sannan kaɗa kan da Ba'indiye ke yi hagu da dama, yawanci "to, na ji" yake nufi. In kina shakka, ki nuna masa tiren biyu ya ɗauka.

Japanawa su ne ake yabo, kuma sun cancanta: layi a nutse, bargo a ninke, shara a tattare, wani ma sai ya waiwaya ya nemi izini kafin ya kwantar da kujera. Amma shirunsu shi ne tarkon. Allon kallonsa zai mutu awa goma bai danna maɓallin kira ba, sai bayan ya isa gida ya rubuta wa kamfani takarda mai ɗauke da lokaci da lambar kujera. A wannan hanya da ido ake aiki: tiren da ba a taɓa ba, allon da ya yi baƙi, mutumin da ya naɗe hannu yana jin sanyi. Ki rage tsawo ki yi magana ƙasa-ƙasa, ki miƙa abu da hannu biyu.

Akasin haka, a hanyoyin Kudancin Asiya, ƙasashen Larabawa da namu na Afirka ta Yamma, maɓallin kira ba ya hutawa. Kada ki ɗauke shi raini. A wurinsu an sa maɓallin ne don a danna. In kika riƙa zagayawa da tiren ruwa duk bayan rabin awa, kiran zai ragu da kansa.

Wani abu da ba kowane littafin horo ke faɗa ba: hannun hagu. Kina tsaye a tsakiyar hanya, fasinjojin gefe ɗaya hannun hagunki ne ya fi kusa da su. Ga Bature ba komai, amma ga Bahaushe, Balarabe, Ba'indiye ko ɗan Indonesiya, kin san abin da hakan ke nufi. Juya jiki kaɗan kawai yake buƙata.

Malam Mai Horo:

Hajiya ta gama magana a kan hidima. Ni ɓangaren da ba a sasantawa zan taɓa, 'yata, domin shi za a fi tsananta miki a jarrabawa. Doka a yawancin ƙasashe ma'aikaci ɗaya ne ga kowace kujera 50, kuma ba don rabon shinkafa aka yi lissafin ba. Kafin a amince da sabon samfurin jirgi sai an gwada cewa kowa zai iya fita cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi kawai. Al'adar da ba ta taɓa wannan ba, a bi ta da ladabi. Wadda ta taɓa shi, ko ta wace ƙasa ce, a tsayar da ita.

Ɗauki maganar kaya. Ranar 2 ga Janairun 2024 jirgin Japan Airlines samfurin A350 ya yi karo da wani ƙaramin jirgi a filin Haneda na Tokyo, ya kama da wuta. Mutum 379 ne a ciki, ƙofa uku cikin takwas kaɗai aka iya buɗewa, kuma dukkansu sun fita da rai. Babu wanda aka gani da akwati. To dubi sauran. A Las Vegas a 2015, fasinjojin British Airways sun fito daga jirgi mai ci da wuta suna jan akwatuna. A Dubai a watan Agustan 2016, a jirgin Emirates da ya taso daga kudancin Indiya, an ga hoton mutane suna buɗe ma'ajiyar sama hayaƙi na shigowa, Allah ya sa duka 300 suka tsira. A Moscow a watan Mayun 2019, mutum 41 cikin 78 suka mutu a jirgin Aeroflot, kuma cikin waɗanda suka fita an ga masu jaka a hannu. Turawan Ingila da Amurka, Indiyawa, Rashawa, duk hali ɗaya suka nuna. Saboda haka kada ki taɓa cewa waɗannan wayayyu ne, ba sai na daka musu tsawa ba. Umarni gajere ne, da ƙarfi, ana maimaitawa: bar komai, zo nan, yi tsalle. Akwati na tare hanya, kuma ƙarfensa na iya farke robar da ake zamewa a kanta a fita daga jirgi.

Miƙewa kafin jirgi ya tsaya ya fi yawa a hanyoyin Indiya, Sin, Gabas ta Tsakiya, kudancin Turai da namu. Dalilinsa a fili yake: mutumin da ya saba cewa wanda ya yi jinkiri a layi ya rasa, ba zai zauna ba. Haɗarin kuwa birki ɗaya ne, mutum ya kifa, ko akwatin kilo goma ya faɗo kan na zaune. Tafin da Italiyawa, Rashawa da mutanen Latin Amurka ke yi in taya ta taɓa ƙasa ba shi da illa, amma ki ɗauke shi ƙararrawa, domin abin da ke biyo baya ƙarar kwance bel ne. A nan take ake sanarwa, da harshen mutanen, kuma ke kina ɗaure a kujerarki. Kada ki tashi ki bi wanda ya tashi.

Akwai kuma abin da ake sa ido a kansa a wajen hawa ta matakala. A watan Yunin 2017 a filin Pudong na Shanghai, wata tsohuwa mai shekara 80 ta jefa sulalla tara wajen injin jirgin China Southern don neman sa'a, ɗaya ya shiga ciki, aka sauke kowa aka yi awanni ana bincike. An sake samun irinsa bayan haka.

Giya ita ce babbar matsalar hanyoyin hutu daga Ingila zuwa Sifaniya, da wasu hanyoyin Rasha da Ostireliya. Mafi yawanta tun a filin jirgi aka sha ta, shi ya sa a 2024 shugaban kamfanin jirgin Ryanair ya nemi a taƙaita wa fasinja kofi biyu na giya a filaye. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsawon ƙafa 6,000 zuwa 8,000, ga bushewa, ga gajiya, sai abin ya fi kama mutum. Wurin hana shi shi ne bakin ƙofa: ki gaishe shi ki saurari amsarsa, ki dubi idonsa da tafiyarsa. In an riga an tashi, a jinkirta, a ba shi abinci da ruwa, a sanar da duka ma'aikata don kada ya zagaya kicin na baya. Kada ki ce masa "ka bugu" a gaban abokansa. Kuma ba a yarda kowa ya buɗe kwalbar da ya sayo da kansa.

Ta fuskar doka, yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ta ba kyaftin ikon sa a ɗaure fasinja ko a sauke shi. Gibin da ta bari shi ne ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ce ke da hurumin shari'a, sai mai laifi ya sauka a wata ƙasa 'yan sanda su sake shi. Gyaran da aka yi mata a Montreal a 2014 ya ba ƙasar da aka sauka hurumi, kuma Najeriya ce ƙasa ta 22 da ta amince da shi, wadda ta cika adadin da ya sa ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020.

Injiniya Na Rumfa:

Malam, a ƙara mata da banɗaki, don mu ne ke kwana a kansa in jirgi ya dawo. Masan jirgi da iska yake zuƙa, ruwan da yake saki bai cika kofi ba. Bututun faɗinsa kamar inci biyu ne, kuma banɗakuna da yawa layi ɗaya suke bi zuwa tanki. Kunzugun jariri ɗaya ko tawul ɗin takarda mai kauri ya isa ya kashe banɗakunan gefe guda. A watan Maris na 2025 jirgin Air India daga Chicago zuwa Delhi sai da ya juya ya koma bayan awanni a sama, saboda yawancin banɗakunan sun toshe. Leda, tsummoki da tufafi aka ciro.

Rabin duniya da ruwa take tsarki, su kuwa masu ƙera jirgi takarda suka tanada. Daga nan rigimar take. A hanyoyin Jidda, Dhaka, Jakarta, Karachi da Kano, za ki tarar da ƙasa jiƙe sharkaf, wani ya ɗaga ƙafa cikin ɗan kwanon wanke hannu, wani ya hau kan masai ya tsuguna har murfin ya tsage. Ruwan nan ba ya tsayawa a inda kika gan shi. Yana bi ta gefe ya sauka kan ƙarafan da ke riƙe da daɓen, ya ci su a hankali, ga wayoyi a ƙasa. Tankin ruwa kuma abin da aka ɗura a ƙasa shi ke nan har a sauka. Abin da ke aiki: a leƙa kowane banɗaki duk minti 15 zuwa 20, a shimfiɗa tawul ɗin takarda a ƙasa, a ajiye kofin roba ɗaya don kada a shigo da buta cike, a nuna wa na farko yadda ake kulle ƙofa da inda ake jefa shara. In kin nuna wa mutum ɗaya cikin ayari, ya gaya wa goma.

Yaya Babba:

Ni ina da ja kaɗan a kan yadda ake jingina wasu abubuwan ga ƙasa. Mafi yawan abin da ake kira halin 'yan ƙasa kaza, halin wanda bai taɓa hawa jirgi ba ne. Leburan Nepal ko Bangladesh mai zuwa Doha karon farko yakan ƙi karɓar abinci don ya ɗauka kuɗi za a caje shi, ya kuma riƙe fitsari awa biyar don kunyar tambaya. Wannan shi ne ya fi buƙatarki, kuma shi ne ba zai taɓa danna maɓalli ba. Ki ce masa kyauta ne, ki buɗe masa teburin da kanki.

Haka alhazanmu. Tsohuwar da ta fito daga ƙauye za ta yi awa huɗu zuwa biyar a sama, ba ta jin Turanci ko Larabci, sanarwar da aka yi ba da ita aka yi ba. Kafin a rufe ƙofa ki gano jagoran ayarin da malaminsu, ki ba su saƙo uku su faɗa da Hausa ko Fulatanci: bel, banɗaki, da zama har jirgi ya tsaya. Ki bi layi-layi ki taɓa kowane bel da hannunki, domin a ƙarƙashin hijabi ko babbar riga ba a ganinsa, wasu kuma ƙulla shi suke yi kamar igiya. Sallah ba a hana ta, wuri ake nema mata. Wasu manyan jiragen Saudia suna da wurin sallah a baya. Inda babu, ba a shimfiɗa darduma a bakin ƙofa ko tsakiyar hanya lokacin da kura ke waje, don kura cike nauyinta ya kai na babban mutum, kuma ba a yi in fitilar bel na kunne. In Jidda aka nufa kai tsaye, a sanar da kusantowar miƙati da wuri, in ba haka ba maza hamsin za su taso lokaci guda neman wurin ɗaura harami. A dawowa kuma kaya ne: zamzam lita biyar ne a rufe, ba ya shiga jakar hannu, amma za ki ga an naɗe gora cikin zani.

'Yan kasuwarmu masu bin Addis Ababa zuwa Guangzhou ko Dubai ba baƙin jirgi ba ne, sun fi ki sanin hanya. Nasu lissafi ne: kilo bakwai na hannu ya zama ashirin. Kowace ma'ajiyar sama da iyakar nauyinta a rubuce a ciki. Kada ki ɗaga wa kowa akwatin da shi ya kasa ɗagawa, bayanki za ki ɓata. A sa masa lamba a kai shi ƙasa tun ƙofa na buɗe, amma a fara tambayarsa ya cire fawa bank, magani, kuɗi da fasfo, domin batir ba ya shiga ɗakin kaya.

Autar Mama:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Saura biyu, Hajiya. Wanda ya ce shi ba zai zauna kusa da mace ba, ko macen da ta ce ba za ta zauna kusa da namiji ba, ya ake yi? Sannan masu kira da "tsss" ko jan riga fa?

Hajiyar Sama:

Na farkon za ki gamu da shi a hanyoyin Larabawa, Pakistan, namu, da kuma na Isra'ila wajen Yahudawa masu tsananin riƙo. Ki ce ya ɗan jira a gama shiga, sannan ki nemi kujerar da babu kowa ko wanda zai yarda a yi musaya. Mai buƙatar shi ake matsarwa, ba a tayar da wanda ke zaune a kujerarsa. A 2017 wata kotu a Kudus ta hana kamfanin El Al neman mace ta tashi saboda namijin da ke gefenta ya ƙi zama. Kafin ki musanya, duba abu huɗu. Kada wanda bai cancanta ba ya faɗa layin ƙofar gaggawa, wato yaro, mai goyo, marar ƙarfi, ko wanda ba ya jin harshen da za a ba da umarni da shi. Kada jarirai biyu su haɗu a jeri ɗaya sai kin tabbatar takunkumin oksijin na wurin ya isa, domin yawanci guda ɗaya ne rara. A ƙaramin jirgi kada ki kwashe mutane daga gaba zuwa baya ba tare da sanin kyaftin ba, an riga an yi lissafin nauyi. Sai ki gyara lambar abincinsu na musamman.

Na biyun kuwa, "tsss" a Legas ko Accra kira ne kawai, haka ake tsayar da mai talla, kuma abokiyar aikinki Baturiya za ta ji shi kamar zagi, sai ki fahimtar da ita a kicin. Ki je, ki yi abin da ya nema, ki nuna masa maɓallin, ki faɗa masa sunanki. Tsohuwa ta riƙo hannunki tana "'yar nan", wannan ki durƙusa ki saurare ta. Namiji ya ja miki riga ko ya taɓa jikinki, ki ja baya taku ɗaya, ki ce "Alhaji, a yi magana ba sai an taɓa ba", da muryar da na kusa zai ji. In ya sake, ki sanar da shugaba, a canja miki gefe, a rubuta lokaci da lambar kujera da sunan shaida ɗaya a takardar rahoto kafin a sauka.